Tambaya: waɗannan akwatunan mabul na Rumawa da ke gidajen tarihi, wai tokar mutane ce a ciki?

Ɗan Ƙofar Doka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Dan Allah tambaya gare ni ga masu ilimin tarihi a nan, musamman in akwai 'yan sashen Akiyoloji na Samaru, ni ɓangaren gine-gine nake karanta.

Mijin yayata ya je wani kwas Amurka, ran da ba su da aji sai ya shiga babban gidan tarihin nan na Niyok da ake ce wa Metropolitan, ya dinga turo mana hotuna a guruf ɗin gida na WhatsApp. To cikin hotunan akwai wasu ƙananan akwatuna na farin dutse, mabul dai, ba su wuce girman katan ɗin taliya ba, kowanne da murfinsa kaman rufin ɗaki, an sassaƙa furanni da tsuntsaye da kan rago a kusurwa, ga rubutu a tsakiya. Hajiyarmu na gani ta ce ai wannan adakar ajiye gwala-gwalai ce ta matan sarakuna, har tana yaba aikin. Sai ya rubuto ya ce a'a Hajiya, katin da ke jiki ya ce tokar mamaci ake zubawa a ciki. Nan take ta ce a goge mata hoton daga waya.

Akwai kuma wani dogo, tsayin ƙaramin firij, da fuskar wata mata a jiki, gashin gabanta ya tashi tim kaman saƙar zuma, ya ce shi kuma wannan bagade ne na kabari, wato dutse mai siffar wurin hadaya, sunan matar Cominia Tyche. Wallahi tun ranar fuskar matar nan ta ƙi fita raina.

Abin da nake son sani, wai Rumawa ƙona gawa suke yi? Ni na ɗauka sai Indiya. Sannan tokar tana ciki har yanzu mutane na wucewa suna ɗaukan hoto? Kuma yaya aka yi kayan kabarin Italiya ya tsallaka har Amurka, sata ce irin ta kayan Benin ko kuwa? Na ga kuma da yawansu sun fara da haruffa biyu, D da M, me suke nufi? Na gode.

Malamin Akiyoloji

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka yi tambaya mai kyau, ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

E, sun ƙona gawa, kuma ba a ɓoye ba, shi ne al'adar gari a birnin Rum tun kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam har zuwa wajen shekara ɗari da wani abu bayan haihuwarsa. Akwatunan da ka gani yawanci na ƙarni na 1 ne da farkon na 2. Daga zamanin sarki Hadrian, wanda ya yi mulki 117 zuwa 138, sai abin ya fara juyawa, masu hali suka koma binne gawa ɗungurungum cikin manyan akwatunan dutse masu tsayin mutum, kafin ƙarni na 3 ya ƙare ƙonawa ta zama sai jefi-jefi. Mutane na yawan cewa Kiristanci ne ya kawo canjin amma lissafin bai hau ba, lokacin da aka fara juyawa Kiristoci ba su da yawan da za su canza al'adar gari.

Yadda ake yi, doka ta hana binnewa ko ƙonawa cikin ganuwa, wannan dokar tana cikin tsofaffin dokokinsu na alluna 12 tun wajen 450 kafin Annabi Isa. Don haka ake fita da gawa bayan gari, a jera itace, a ɗora ta da turare, wani na jiki ya kunna wutar yana kau da fuska. In wuta ta ci ta lafa sai a yayyafa giya a kashe garwashin, dangi su tsince ƙasusuwan. To ka ga ba toka ba ce zalla irin ta murhu, gutsattsarin ƙashi ne, shi ya sa wani rubutun ma za ka ga kalmar OSSA, wato ƙasusuwa. Sai a zuba a tukunya. Talaka tukunyar ƙasa, mai ɗan hali ta gilashi ko ta dalma, wanda ya fi ta mabul. Kuma tun da an hana cikin gari, kaburbura sai suka jeru a bakin manyan hanyoyi, irin hanyar Appia, kaman a ce ka fito Ƙofar Gayan ko ka kama hanyar Kaduna kana tafe kana karanta sunayen matattu dama da hagu. Da gangan ne, so suke mai wucewa ya karanta.

D M ɗin nan gajarta ce ta Dis Manibus, wato ga ruhohin matattu, don su a wajensu mamaci yana shiga cikin wasu ababen girmamawa da ake kai wa abinci da abin sha. Daga nan sai suna, sai wanda ya yi masa dutsen, sai shekaru. In ka ga VIX ko VIXIT, ya rayu ke nan, ANN shekaru, M watanni, D kwanaki. B M na nufin wanda ya cancanta. Akwai kuma S T T L, wato ƙasa ta yi maka sauƙi, kar ta yi maka nauyi. Bagaden kuwa siffar wurin hadayarsu aka ba shi, ka ce wa mijin yayarka ya duba gefe da gefe, galibi za ka ga buta a ɓangare ɗaya, faranti a ɗayan, kayan da ake tsiyaya giya ko madara da su ne. Wani bagaden an rarake samansa an sa ƙashin a ciki, wani kuma tuni ne kawai. Kwana tara bayan jana'iza ana taron cin abinci a kabari, sannan duk shekara daga 13 zuwa 21 ga Fabrairu akwai Parentalia, kowa ya je wajen nasa da furanni da ɗan hatsi da gishiri.

Amma ga abin da ni ya fi tsaya min a rai a wannan fannin. Mafi yawan masu waɗannan duwatsun ba sarakuna ba ne ba kuma 'ya'yan manyan gida ba, bayi ne da aka 'yanta da 'ya'yansu. Mu a Zazzau ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san rinji, mun san murgu da fansar kai, mun san bacucane, su ma suna da kalmarsu ta bawan da aka haifa a gida, verna. Bawa a dokar Rum ba shi da uba ba shi da aure, in ya zauna da mace doka ba ta san da zaman ba, 'ya'yan na ubangidan uwar ne. Ran da aka 'yanta shi sai ya ɗauki sunaye biyu na ubangidansa ya haɗa da nasa na bauta ya zama mai suna uku kaman kowane ɗan ƙasa. To mutumin da ya yi shekara talatin ana kiransa da suna ɗaya kaman doki, in ya samu kuɗi me kake zato zai fara rubutawa a dutse? Sunan nan uku cif, da harafin L mai nuna 'yantacce ne, da sunan matarsa, wani lokaci har a sassaƙa su sun riƙe hannun dama na juna, wato aure ne na gaske doka ta sani. Ita ma Tyche ɗinka sunan Girkanci ne, ma'anarsa sa'a, kaman mu ce Sa'a, kuma sunan Girkanci a Rum yawanci alama ce ta cewa akwai bauta a asalin gidan.

Ana jera ƙananan akwatunan ne a wani gini da suke kira columbarium, ma'anarsa ɗakin tattabaru, don bangon duk ramuka ne sahu-sahu sak yadda ake kafa wa tattabaru tukwane a katanga a gidajen cikin birni. A 1726 an tono na bayi da 'yantattun gidan Livia matar Kaisar Augustus a hanyar Appia, rubuce-rubucen sun faɗi aikin kowa, mai kitso, ungozoma, likita, maƙerin zinariya, mai kula da tufafi. Waɗanda ba su da babban gida kuma adashi suke yi, an samu dokokin wata ƙungiya a garin Lanuvium na shekarar 136, kuɗin shiga sestas 100, sunan kuɗinsu ke nan, da tulun giya mai kyau, sai ɗan abin da ake zubawa duk wata, in ka mutu a fitar da 300 a yi maka jana'iza. Har sun rubuta cewa in ɗan ƙungiya bawa ne ubangidansa ya hana gawar, za a yi masa jana'izar ko babu gawa.

Uwar Biyu

Sannu da ƙoƙari Malam, Allah ya ƙara sani. Ɗan Ƙofar Doka, ni ba masaniya ba ce amma na gani da idona kuma gani ya kori ji. Mun je taron aiki Rum shekarun baya, wata abokiyar aikina ta ja ni wani gidan tarihi sunansa Centrale Montemartini, tsohon gidan wuta ne, manyan injina baƙaƙe na nan a tsaye an jera fararen gumaka a tsakaninsu. Ni da farko gajiya kawai nake ji ƙafata na ciwo, sai muka zo gaban dutsen wani yaro.

Sunansa Quintus Sulpicius Maximus. An sassaƙa shi a tsaye sanye da mayafin manya, takarda a naɗe a hannunsa, kuma duk inda ido ya kai a jikin dutsen rubutu ne ƙanana-ƙanana, dama da hagu har kan takardar da ya riƙe, babu wurin da aka bari. Aka yi mana bayani cewa a shekarar 94 ya shiga gasar waƙa ta Girkanci da mawaƙa 52, irin wadda ake ba ka maudu'i nan take ka tsara, ya burge mutane, bai daɗe ba ya rasu yana da shekara 11 da wata 5 da kwana 12. Iyayen sai suka sa aka rubuta waƙar gaba ɗayanta a dutsen, suka ce wai don kar a ce son ɗa ne ya sa suke yabonsa, ga ta kowa ya karanta da kansa. Kuma rubutun ya ce ciwo da gajiya suka tafi da shi don ba ya ajiye karatu dare da rana. A 1871 aka gano shi lokacin da ake rushe wata ƙofar gari, Porta Salaria, ashe an gina shi cikin hasumiyar ƙofar shekaru aru-aru.

Ni na binne ɗa, yana aji huɗu na firamare, har yau littafin rubutunsa na cikin durowata, ba na bari a taɓa. To da na ji abin da iyayen nan suka yi sai na kasa tsayuwa, na nemi benci na zauna. Addininsu daban, yadda suka yi da gawarsa ma ni ban iya tunaninsa, amma lissafin nan na shekara da wata da kwana na san shi, babu mai ƙirga kwana 12 sai uwa da uba.

Daga baya na ga hoton wani dutsen a gidan tarihin Louvre na Faransa, wata yarinya Iulia Victorina, shekara 10 da wata 5. A gaba an yi fuskarta tana yarinya da jinjirin wata a kanta, a bayan dutsen kuma an sake yin ta ta girma ta zama mace, da hasken rana a ka. Wato sun sa an sassaƙa musu girman da ba su gani ba. Ka gaya wa Hajiya ta yi haƙuri, ba abin tsoro ba ne.

Sabon Gari Boy

Ni dai duk wannan bayanin bai hana ni ganin sata ba. Turawan nan haka suke, sun kwashe na Benin a 1897 sun ƙona fada, sun kwashe na Masar, Nok ɗinmu na nan kudancin Kaduna har Faransa aka kai, yanzu kuma kuna ce min har kabarin 'yan uwansu ba su bari ba? Mutum ya mutu iyalansa sun kashe kuɗi sun ajiye shi, kai ka zo ka ɗauke ka sa a gilashi kana yankan tikiti. Malam ba ka amsa ɗayar tambayar ba fa, ƙashin yana ciki ko an zubar? In an zubar wa ya zubar, ina aka zubar? Gaskiya abin ya ɓata min rai.

Tsohon Ɗan Fayin At

Sabon Gari ɓacin ranka na kan hanya, amma labarin wannan ya ɗan bambanta da na Benin, bari in shigo nan don mun taɓa wannan a tarihin zane.

Na Benin sojoji ne da bindiga rana tsaka, kuma masu kayan na nan da ransu, fadar na nan, shi ya sa Jamus ta sa hannu a 2022 ta mayar wa Nijeriya mallakar sama da guda 1,000. Na Rum yawanci ciniki ne, sai dai ciniki mai datti. A ƙarni na 18 'ya'yan masu kuɗin Ingila sun mayar da zuwa Italiya kaman wani kammala karatu, kowa sai ya je ya dawo da tsaraba. Babban gunki tsada gare shi kuma fitar da shi sai da izinin hukumar Fafaroma, amma ƙaramin akwatin toka ga araha ga sauƙin ɗauka ga kyau a kan kanta. Su kuma masu gonakin inabi a bayan ganuwar Rum suna haƙa suna cin karo da ɗakunan tattabarun nan cike, sai kasuwa ta buɗe. Wani Charles Townley ya tara da yawa, da ya mutu a 1805 gidan tarihin Birtaniya ya saye tarinsa. Wani Henry Blundell ma haka, nasa suna Libaful tun 1959. Bagaden matar da ɗan uwanmu ya gani ya shiga Metropolitan a 1938. Wanda ya yi ƙwace irin na Benin shi ne Napoleon, a 1797 ya tilasta wa Fafaroma yarjejeniyar Tolentino ya loda kaya zuwa Faris, bayan faɗuwarsa a 1815 aka dawo da da yawa. A 1820 hukumar Fafaroma ta tsaurara dokar fitar da kayan tarihi. Masu haƙan dare kuma ba su daina ba har zamaninmu, gidan tarihin Getty na Amurka sai da ya yarda a 2007 zai mayar wa Italiya kaya 40.

Batun ƙashi, mafi yawansu wayam suke, kuma an daɗe da zubarwa, wasu tun kafin zamanin gidajen tarihi. Masu haƙa dutsen suke so ba abin ciki ba. Wannan kam babu yadda za a gyara faɗarsa, zubarwa aka yi.

Abin da ya fi wannan ci min rai ma shi ne abin da dillalai suka yi wa sunaye. Akwai masu gyara a Rum irin su Cavaceppi da Piranesi, gwanaye ne na gaske, sai su ɗauki akwatin da ya fashe su cike, su ɗauko murfin wani su ɗora wa wani, su kankare su goge ya yi fari tas don haka masu saye ke so, alhali asali da fenti a jiki, haruffan ma ja ake shafa musu. In akwati ba shi da rubutu kuma, wasu 'yan kasuwar sai su sa a sassaƙa masa, a kwafo sunan wani mamaci daga wani dutse a manna, don mai rubutu ya fi kuɗi. Masu bincike sun gano irin haka a tarin Ingila ba ɗaya ba ba biyu ba. Ka duba fa, bawan Allah ya yi bauta ya fanshi kansa don a rubuta sunansa daidai, shekara 1,700 bayan haka wani ya ɗauke sunan ya liƙa a akwatin da ba nasa ba.

Kuma ba baƙi kaɗai ba, su kansu mutanen Rum sun yi. Akwatuna da yawa sun zama wurin zuba ruwa a coci. Agrippina babba, jikar Augustus, uwar sarki Caligula, ta mutu a tsare a wani tsibiri a shekarar 33, ɗanta ya je da kansa ya ɗauko ƙashinta a 37 ya sa a kabarin gidan sarauta. Dutsen da aka ajiye ta a ciki, da sunanta ɓaro-ɓaro a jiki, daga baya mutanen gari suka mayar da shi mudun awon hatsi a kasuwa. Yana gidan tarihin Capitolini yanzu. Mu ma kar mu manta da kan mutum ɗin nan na yumɓu na Nok da aka samu a Jama'a, wanda Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya gani a 1943, mutum-mutumi aka yi da shi a gonar doya kafin nan. Shi ya sa ni ban iya cewa gidan tarihi ne mugun, da yawa ba don an kai su can ba da an ƙona su an yi farar ƙasa, don haka aka yi da tarin mabul ɗin Rum. Amma a rubuta gaskiya a katin, daga ina, wa ya haƙo, wa ya sayar, murfin nasa ne ko aro.

Almajirin Tudun Jukun

Allah ya saka wa kowa. Gyara ɗaya nake so in yi kar yara masu karantawa su rikice. Rumawan da ke cikin Suratur Rum ba waɗannan ba ne kai tsaye, waɗancan na gabas ne, mutanen Hirƙala da Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya aika wa wasiƙa, Kiristoci ne, binnewa suke yi, tsakaninsu da masu akwatunan nan akwai wajen shekara 500. Daula ɗaya ce ta yi tsawon rai har addininta ya canza.

Ƙona gawa kam mu a wajenmu haramun ne babu ja, haka kai wa mamaci abinci da abin sha da nufin ya ci. Mu namu likkafani ne da itace ko tukwane a rufe, a mayar da ƙasa, ba gini ba ado, sarki da talaka ɗaya. Amma duba kayansu don a sani a yi tunani, ai a cikin ita surar aka ce ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba su ga yadda ƙarshen na gabansu ya kasance, waɗanda suka fi su ƙarfi suka raya ƙasa fiye da su. Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne in akwai ƙashi a ciki a bar shi a bainar jama'a, ɗan Adam abin girmamawa ne ko wane ne. Hajiya Uwar Biyu, Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ki ladan haƙuri.

Mai Tayil PZ

Amin Malam. Ni tambayata ta sana'a ce, shekarata 14 ina aikin tayil da mabul, ko da injin yanka da wuta in ka yi kuskure kaɗan gefe ya ɓalle shikenan an yi asara. Su da ba lantarki yaya suka yi wannan gashin matar mai ramuka-ramuka? Na je na nemo hoton na gani, wallahi aikin ya fi ƙarfin wasa. Kuma dutsen a garin suke samu ko kawowa ake kaman yadda ake kawo mana daga Kogi?

Malamin Akiyoloji

Maigida Mai Tayil, kawowa ake. Mafi yawan farin daga Luna ne, inda ake ce wa Carrara yau, arewacin Italiya, har yanzu ana fasa dutse a wurin. A jirgin ruwa ake sauke shi bakin teku sannan a hau da shi kogin Tiber zuwa cikin gari, wani kuma daga Girka. Kayan aiki guduma ce da ƙarafan sassaƙa kala-kala, mai tsini da mai haƙora da mai faɗi, sai abin gogewa. Ramukan gashin kuwa da ƙarfen huda ake yi, wanda ake naɗa wa igiya, yaron shago na jan igiyar gaba da baya maigida na saita bakin, rami bayan rami. Wannan tulin gashin yayi ne na matan wajen shekarar 80 zuwa 100, har da shi ake gane shekarun dutse, kaman yadda za ka ga hoton biki ka ce wannan ɗaurin ɗankwalin na shekara kaza ne. Kuma shagunan na yin akwatunan su ajiye, ado an gama, wurin rubutu kawai aka bari fili sai mai saye ya zo. In ka duba bakin wasu za ka ga ƙananan ramuka inda aka ɗaure murfi da ƙarfe aka narka dalma aka toshe.

Masu sana'a irinka ma sun bar nasu. A gidan tarihin fadar Fafaroma akwai bagaden Lucius Cornelius Atimetus, maƙerin wuƙaƙe, gefe ɗaya ga su biyu a maƙera ana dukan ƙarfe, ɗaya gefen ga shagon da wuƙaƙe da lauje a rataye sahu-sahu ana ciniki, ya yi wa kansa da yaronsa da ya 'yanta. Kai kuma Ɗan Ƙofar Doka nemi na Titus Statilius Aper a Capitolini, mai awon gine-gine ne, ya rasu yana da shekara 22, an sassaƙa kayan awonsa a gefe.

Ba duka ne yabo ba fa. A gidan tarihin Uffizi na birnin Fulorens akwai na wata yarinya Iunia Procula, shekara 8 da wata 11 da kwana 5. Uban ya yi wa 'yar da kansa da uwar, sai daga baya aka kankare sunan uwar daga gaba, wurin na nan a fili, aka juya bayan dutsen aka rubuta mata tsinuwa. Sunanta Acte, baiwarsa ce ya 'yanta ta kyauta, ya ce ta bi wani namiji ta gudu, ta tafi da bayinsa biyu mace da namiji ta bar shi kwance ba lafiya, tsoho shi kaɗai. Bakinsa kaɗai muka ji, ita ba ta bar dutse ba. Amma shi da ya so a shafe sunanta, a bayan dutsen shi ya rubuta shi da hannunsa, da haka muka san ta.

Ɗan Ƙofar Doka

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Uwar Biyu Allah ya jiƙan yaro, maganarki ta taɓa ni.

Jiya bayan isha'i na zauna na karanta wa Hajiya duka, da na zo wajen yaron mai waƙa ta yi shiru ta daɗe. Sai ta ce in sake nemo mata hoton matar. Na sa mijin yayata ya turo har da fassarar katin, ashe mijinta ne ya yi mata, sunansa Lucius Annius Festus, ya kira ta mafi tsarki mai kamun kai mai ƙaunarsa, ya ce dutsen nata ne da shi da zuriyarsa, kuma ta rayu shekara 27 da wata 11 da kwana 28. Hajiya ta ƙirga da yatsu ta ce ashe kwana biyu ya rage mata ta cika 28, ƙanwarka ma ta girme ta. Ta ce in tambaya ko ta bar 'ya'ya, na ce rubutun bai kira sunan ɗa ko ɗaya ba. Hoton dai yana wayarta yanzu, ta ce a bar shi.

Malam na nemo na Aper ɗin, na ga sandar awo a gefe, amma mene ne wannan dabbar da ke kwance kusa da ƙafarsa, kaman alade?

Malamin Akiyoloji

Gadu ne, aladen daji. Sunansa ke nan, Aper a Latin gadu ne, iyayen suka sa aka sassaƙa shi a mace a gefen ɗansu, har baitin da ke jiki ya ce ga gadu marar laifi kwance, ba mafarauci ne ya kashe shi ba. Ka ƙara girman hoton ka duba ƙasa, sunan matarsa ma na nan, Orcivia Anthis.